Ɗige Uku a Gindin Murhu

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau da kyau. Yaya ƙarfin jiki, yaya bayan nan da ke damunka in ka daɗe a sunkuye? Yaya Inna, yaya shagon walda? Ni nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Baba, laifi na yi, gara ka ji daga bakina. Ka tuna murhun gawayin da ka ƙera, wanda na kai ɗakin gwajinmu na jami'a na shekara ina auna hayaƙinsa? To, na rubuta maƙala a kansa, wata mujallar bincike ta karɓa, irin wadda ake sakawa a intanet kowa ya karanta kyauta. A ciki na sa zanen murhun da ka yi da fensir a bayan kalanda. Na share shi tas a kwamfuta, na goge tabon mai da ɗige-ɗige, har da sa hannunka na kusurwa, wai don ya yi tsaf. Da fom ɗinsu ya tambaya ko ni na zana, ko ɗar ban ji ba na ce e. A ganina abin uba ai na 'ya ne.

Editar mujallar, wata mata mai bin diddigi, ta nemi asalin zanen. Ni kuma da wautata na tura mata hoton kalandar, ga sunanka ɓaro-ɓaro. Ta rubuto cewa haƙƙin mallakar zane na wanda ya zana ne, ko da shi ya haife ni, kuma goge sunan mai abu ba ƙaramin laifi ba ne. Ta ba ni mako uku in kawo izininka a rubuce, in ba haka ba su janye maƙalar. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga fom ɗin da zanen na haɗo maka. Amma ba zan rufe ka ba: in ka sa hannu, kowa a duniya zai iya kwafar zanen ya ƙera murhun, har Mai Gilashi, mai waldan nan na tsallaken titi da kake kife wa kalandar in ya shigo. Sharaɗin kawai ya ambaci sunanka. In ka ƙi, ba zan ga laifinka ba.

'Yarka mai neman afuwa,
Auta

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Fom ya dawo ba sa hannu. Da na buɗe ambulan a ofis na ce shi ke nan. Sai na ga 'yar takardarka a ninke. Baba, na yi dariya har sakatariyarmu ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ashe ko a jikinka batun Mai Gilashi, ka ce ya kwafa mana, ai hannu ba ya kwafuwa. Abin da ya tsaya maka shi ne ɗige ukun da na goge a gindin murhun. Ni na ɗauka datti ne, ashe ramukan shan iska ne. Ka rubuta, “Ba zan sa sunana a murhun da ba shi da hanci ba.” Ni da digiri uku! Farfesoshi biyu suka duba maƙalar nan, babu wanda ya lura.

Na mayar da ɗigen, na kwashe komai na gaya wa edita. Ta ce wanda ya ƙera, ya zana, ya kuma kama kuskuren da zai turnuƙe gidajen mutane da hayaƙi, ya wuce a gode masa a ƙasan shafi, marubuci ne. Sai dai dole ka san duk abin da ke cikin maƙalar ka amince. Na fassara maka ita, shafi tara. Don Allah kada ka ce sai ka gama ƙofar nan ta makaranta, saura kwana takwas.

A gaida Inna, ta matsa maka.
Auta

Baba,

Barka da arziki! Yaya gida, yaya bayan? Maƙalarmu ta fito yau da hantsi, da gyaranka biyu na shafi na huɗu. Na buga ta a takarda mai kauri na aiko, don Inna ta ce tun shekaranjiya kake share bangon shago kana neman inda za ka kafa ƙusa.

Na buɗe shafin farko ina ta washe baki, sai kuma hawaye, gaban ɗalibai kuwa. Shekara ashirin kana wanke baƙin hannunka ka sa hannu a takardun makarantata, can ƙasa, a layin uba. Duba sama, Baba, dab da kanun maƙalar. Edita ta tambaye ni sunan wa za a fara sawa, na ce mata a gidanmu ba a shiga gaban babba.

Taka har kullum,
Auta