Sun Shuka Gero a Filinka, Mushe

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum, Mushe, kamar yadda yara ke kiran malaminsu a nan. Gaisuwa mai yawa, ko da yake ban san yadda ake tambayar lafiyar mutumin da ke kwance a maƙabarta ba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu ɗan kabu-kabun da zan ba ya kai maka, babu kuma mai karanta maka ita. Amma in ban rubuta ba cikina zai fashe, kuma tunda da hannunka a cikin abin da ya faru, dole ka ji.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce ban da ladabi. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Nanarka tana ajin ƙarshe, ta yi tsawo, ta kuma ɗauko taurin kanka kaf ba ta rage wa kowa ba. Ni ma da na fita takaba na koma koyarwa a lakwal, makarantarmu ta boko, an mayar mini da ajina na ƙanana, 'yan shekarar farko. Rufin kicin ya sake yoyo. Ka ce za ka gyara shi bayan damina, to ga wata daminar ta zo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Filin wasan yara ya tafi, Mushe. Filin da ka yi shekara da shekaru kana tsere da tsalle da langa da kokowa da 'ya'yan mutane, an shuka gero a cikinsa. Ina rubutun nan geron ya tsiro.

Kuma da kai zan fara, ba da su ba. Wa ya ce ka riƙa yin komai kai kaɗai? Duk garin nan sun ɗauka haka Allah ya yi filin nan, sumul, yaro ya taka ba takalmi ya wuce lafiya. Ba wanda ya taɓa tambayar ina ƙarangiya da tsidau suke zuwa kowace shekara. Ni na sani, don ni nake cire maka ƙaya a tafin hannu. Ana tsakiyar hutu, kowa yana gonarsa, kai kana filin lakwal da hauya kana tumɓuke ciyawa tun tana ɗanya, kafin ta yi 'ya'ya. Tamu gonar kuwa sai wanda ya ji tausayinmu. Sau nawa na ce ka tara iyayen yara ku yi gayya, ko don su san aikin yana da mai yi? Sai ka yi dariya ka ce ba sai an dami mutane ba. Kai da kake koya wa yara cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ka ɗauki taka kai kaɗai har ta danne ka.

Zazzaɓi yana cin ka, kana fita da hauya. Na ce mu tafi gidan likita a Mayahi, ka ce bari ka gama kusurwar gabas tukuna. Ka gama ta? Ranar da muka ɗora ka a amalanke ko sunana ba ka iya kira. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma Allah bai hana mutum neman magani ba, kuma wannan haushin har yau bai sake ni ba.

Ka tafi ka bar ciyawa ta yi 'ya'ya son ranta. Ni ina ɗaka ina takaba, ba halin fita. Da aka koma lakwal bayan girbi, aka turo sabon darakta ya shugabanci lakwal a madadinka. Mutum ne mai fara'a, ya iya gaisuwa, har gida ya zo mini ta'aziyya ya yi addu'a mai tsawo. Alhamis ta farko ya saki yara filin ba tare da ya taka shi da ƙafarsa ba. Nana ta ce kafin a kai tsakiya rabin aji sun zauna a ƙasa suna kuka suna cire ƙaya. Shi ke nan, ya sami abin da yake so. Ya ce fili bai takuwa, a dakata da wasa sai an gyara. Wa zai gyara? Bai faɗa ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Daga ranar, lokacin motsa jiki ya koma na shara da ɗebo ruwa. Lokacin zane kuma aka ce a ƙara lissafi a ciki, wai shi ake tambaya a jarrabawa. Da na dawo na tarar da yara suna zaune tun safe har azahar kamar an dasa su. Masu ƙiriniya sun koma dambe a bayan aji, masu shiru sun koma barci. Sai a ɗauko bulala, a ce yaran bana ba su ji.

Ka tuna katangar? Ina nufin bayan ajin laka, wadda ke kallon fili. Ka tuna yadda kake yi: in sun gama gudu suna haki, ka zaunar da su a inuwa ka ce kowa ya zana abin da idonsa ya gani yanzu. Kana cewa yaron da bai yi gudu ba bai san inda gwiwa take lanƙwashewa ba, to yaya zai zana ta? Wanda nasa ya yi kyau a allo sai ka ba shi wuri a katanga. Jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, ƙaro, da shunin wankina da kake sacewa kana rantsuwa ba kai ba ne, alhali ga yatsunka shuɗi. Asuwakin da aka tauna shi ne abin shafawa. Mutanen da ke wucewa kasuwar Gidan Amumune har tsayawa suke yi su nuna wa juna: ga 'yan kokowa, ga mai langa da ƙafa ɗaya a hannu, ga yarinya ta tashi sama ta tsallake igiya.

To da rani ya yi, wata safiya na zo na tarar da shanu a filin. Ba wucewa suke ba, an kafa musu turaku, sun kwana. Nan na san da magana, don ruwa ba ya tsami banza. Ni 'yar manomi ce. Ba a kwantar da shanu a wuri sai ana son taki, ba a kuma son taki sai za a yi shuka. Shanun Buba ne, bafulatanin nan da 'yarsa Dija ta zana saniya mai farin goshi a ƙasan katanga, wadda ka ce ta fi ka iya ƙaho. Da kansa ya zo ya same ni, yana ta sunkuyar da kai, ya ce darakta ne ya kira shi, shi kuma bai san da wata magana a ƙasa ba. Ban ga laifinsa ba. Haka ake yi tun kakanni, mai gona ya kira mai shanu. Sai dai wannan ba gonar kowa ba ce.

Saniya kuwa ba ta san zane ba, katanga ta gani ta sosa jiki. Kafin su tashi, duk abin da ke ƙasa da kafaɗar mutum ya goge. 'Yan kokowa sun rage kawuna ba jiki. Saniyar Dija bijimin ubanta ne ya share ta. Yarinyar ta tsaya tana kallon wurin, ba ta yi kuka ba, ta juya ta shiga aji. Na so in gyara, Mushe, wallahi na so. Na jiƙa jar ƙasa na shafa, da ta bushe ta zube kamar gari. Ban san yawan ƙaron da kake sawa ba, ban san ko dafa shi kake ko jiƙawa ba. Sau nawa na ce ka nuna mini? Kullum gobe. Ina goben take?

Na matsa sai da aka kira taron iyaye. A ƙarƙashin itacen bedin da ke ƙofar lakwal aka zauna, maza a gaba, mu mata a gefe. Darakta ya yi magana mai daɗi. Ya ce fili ya zama kufai, ƙaya ta cinye shi, shekara guda ba wanda ya yi wasa a ciki. Ka ji fa! Shi ya hana wasan, shi kuma yake kafa hujja da rashin wasan. Ya ce in an shuka gero za a riƙa dama wa yara kunu. Ya ce yaron da ke zuwa rijiya da kiwo da itace ba ya bukatar a koya masa motsa jiki, zane kuma ba ya cika ciki.

Na miƙe. Ni da ka sani ba na ɗaga murya a gaban maza, na miƙe. Na ce lakwal tana da gonarta a bayan gari, a fara gaya mana inda geronta yake shiga. Na ce ɗaukar tulu wahala ce, ba wasa ba ce, kuma yarinyar da ke ɗaukar tulu tun asuba ita ta fi kowa bukatar wurin da za ta yi gudu don daɗinta, ba don an aike ta ba. Na ce a cikin 'ya'yanku akwai waɗanda ba su iya karatu da sauri ba, amma a filin nan da katangar nan ne kaɗai aka taɓa tafa musu, shi ya sa ba su gudu daga lakwal ba. Na ce a ba ni mutum goma da hauya in nuna musu ko fili ya mutu.

Ka san amsar da na samu? Wani dattijo ya ce a yi mini uzuri, kewar miji ce take magana. Aka yi ta gyaɗa kai ana Allah sarki. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Abokan aikinka kuwa, waɗanda suka ci tuwona suka sha shayinka shekara da shekaru, waɗanda suka yi ta sharar hawaye ranar jana'izarka, kowa ya dasa ido a ƙasa kamar ya yar da allura. Iyayen ban riƙe su sosai ba, bara ba a sami amfanin kirki ba, wanda rumbunsa ya yi ƙasa in ka ce masa kunu dole ya saurare ka. Amma malamai? Su da suka san abin da ake kashewa?

Saura mafi ciwon. Ruwan shuka ya sauka ranar Laraba. Washegari Alhamis, daidai lokacin motsa jiki, sai muka ji usur. Rabon da a busa usur a lakwal ɗin nan tun kana da rai. Mushe, da ka ga yaran nan! Suka fito da gudu suna ihu, maza suna tuɓe riga, 'yan mata suna ɗaure zane a ƙugu, sun ɗauka wasa ya dawo. Suka ja layi da kansu, yadda ka koya musu, ƙanana a gaba manya a baya. Sai aka fito da ƙore cike da iri aka miƙa musu. Manyan samari biyu suna gaba da sungumi suna sara, yara suna bi suna zuba iri suna rufewa da diddige. Darakta yana tsaye a inuwa yana murmushi, wai shuka ma motsa jiki ce.

Ni na hana 'yan ajina fita, na tsaya a bakin ƙofa, ya aiko sau biyu na ce a gaya masa ina darasi. Amma Nana ba a ajina take ba. Ina kallonta ta taga, tana taka iri a daidai wurin da ta fara cin tsere kana ɗaga ta sama. Da muka koma gida ba ta ci abinci ba, ni ma ban ce ta ci ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, kuma gara ka ji shi yau. Duk mitar da nake yi a kan wankin rigunanka da ƙurar da kake shigo mini da ita, in ka busa usur nakan ba yara aikin kwafa in matsa jikin taga. Ina kallonka kana tsere da 'yan shekara goma, da furfurarka da tumbinka, suna wuce ka kana faɗuwa da gangan. A raina ina cewa duk ƙasar Mayahi babu macen da ta yi dacen miji irina. Ban faɗa ba don kada kanka ya ƙara girma. Yanzu ga shi na faɗa, ba ka nan.

Jiya na sace rabin lokacin lissafi na ce 'yan ajina su fito da alluna. Na ce kowa ya zana mini filin lakwal. Na manta cewa su bana suka shigo, ba su san ka ba, ba su taɓa ganin kowa ya yi gudu a wurin ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa. Layukan gero. Layukan gero. Wani ya ƙara saniya. Allo sama da arba'in, Mushe, babu ko ɗaya da aka zana yaro a ciki. Kuma sun yi kyau, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, sun zana abin da idonsu ya gani, yadda kake so a yi.

Yayana ya aiko daga Tasawa, wai in nemi a mayar da ni can kusa da gida in huta da wannan fitina. Na ce masa a'a. In na tafi, ba sauran babba a lakwal ɗin nan da zai buɗe baki ya ce wurin nan ba gona ba ne. Ba na iya gudu, ba na iya zane, amma na iya naci, kai shaida ne. Za su gaji da ganina.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka. Ni ma na yafe maka komai, ban da wannan. Shi sai ranar da na ga yaro ya sake zana yaro yana gudu.

Ka huta lafiya.

Matarka da ka bari da aiki,
Rabi