Jan Injin da Kawu Ya Zaɓa

Daura, daren Alhamis, 14 ga Nuwamba

Yau ni da Kawu Sale mun je Kano sayen injinmu na farko na tsaga katako, irin wanda ake ja har gona. Guda biyu muka gwada da guntun darbejiyar da na tafi da shi. Ƙaramin ya tsaga shi sumul. Babban, wani ja mai sheƙi, ya yi yanka kamar tafiyar maciji.

Kafin in buɗe baki Kawu ya shafa jan ya ce, "Wannan ya fi cika ido. Mun ɗauka."

Dillali ya ce, "Alhaji ya san kaya!" Aka shafa fatiha.

Yaya zan musa wa ƙanen ubana a gaban mutane? Tir! Shi zai riƙa nuna wa baƙi inji, ni in riƙa ba kafintoci haƙuri.