Kukan da Aka Ɗora wa Kiɗa

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sauraron Koke kan Fina-finai, Garki, Abuja
Daga: Badamasi Lukmanu, mai shagon taki da iri, Tungan Maje
Kwanan wata: Litinin, 14 ga Afrilu, 2008

Game da: Sanya fuskata bisa ƙarya a fim ɗin bikin kiɗan rok mai suna "Tsawar Dutse"

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina gabatar da ƙorafina a kan Kamfanin Haske Bakwai da daraktansa, Mista Alexander, kamar haka:

1. Ranar Asabar, 17 ga Nuwamba, 2007, kamfanin ya shirya biki a filin da ke bakin garinmu. An kawo makaɗan jita daga ƙasashen waje, da lasifikoki kowace ta kai girman ɗaki. Dubban mutane suka toshe hanya ɗaya tilo da ke fitar da mu titin Gwagwalada. Babu wanda ya shawarce mu.

2. Da la'asar ciwon asma ya taso wa matata Batulu. Maƙwabcina Zacharias ya ɗauke mu a a-kori-kurarsa zuwa asibiti, muka maƙale a bakin filin. Hon ɗinsa ko mu da ke cikin motar ba ma ji. Na sauka na kutsa cikin taron, hannuwana a sama, ina kuka, ina kiran sunanta, ina roƙon a ba mu hanya. Wasu suka tafa mini. Wani ya dafa kafaɗata yana tsalle. Kafin hanya ta buɗe, Batulu ta cika a kan cinyar Justina, matar Zacharias. Wannan na bar wa Allah, kwana ne ya ƙare.

3. Abin da ban bari ba shi ne fim ɗin. Cikin watan Maris wani abokin cinikina ya kawo mini faifan, sai ga fuskata a bangon faifan. A ƙarshen fim, daidai inda mai jita ya durƙusa, ake nuno ni a hankali, hula a karkace, hawaye na zuba. An cire muryata an ɗora kiɗa. A ƙasa an rubuta da Turanci wai ko dattijon ƙauye ma kiɗan ya ratsa shi. Ranka ya daɗe, mai kyamarar nan yana dab da ni, har warin sigarinsa nake ji. Ya ji abin da nake faɗa sarai. Ba kurma ba ne, marar imani ne.

4. Yanzu ana nuna fim ɗin a gidajen kallo na Zuba, 'yan acaɓa na kirana Baba Rok. Wannan zan iya haɗiyewa. Amma faifan ya isa Zariya, dangin Batulu sun gani, sun ce rawa nake yi ranar da 'yarsu ta rasu. Yayanta, wanda ya ba ni aurenta, ya daina ɗaga wayata. 'Yata Fiddausi ta tambaye ni ko gaskiya ne.

5. Ranar 25 ga Maris na je ofishin kamfanin a Area 11. Aka shanya ni a benci tun safe har azahar. Daga bisani sakatare ya fito da faifai kyauta da riga mai hotona, ya ce oga ya ce in yi murna na zama tauraro. Darajar furfurata ce kawai ta hana ni abin da zuciya ta raya mini.

Saboda haka, ina roƙon kwamitinka mai daraja da ya dakatar da sayar da wannan faifai. Ba diyya na zo nema ba, ba su da abin biyana. Idan kuwa dakatarwa ba za ta yiwu ba, tunda suna alfahari ya kai har Turai, to a umarce su su sauke kiɗansu daga kan fuskata, su mayar da muryata yadda na'urarsu ta ɗauka. Duk wanda ya zauna kallon kukana, ya ji sunan da nake kira.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci. Ina jiran hukuncinka cikin ladabi.

Naka mai biyayya,
Badamasi Lukmanu
Mijin marigayiya Batulu