Damina 'Yar Ƙarama a Kan Kwanon Mama

Zuwa ga Tamar tawa, zumar dutsen Kagoro, cittar da ke ɗumama ƙirjina, mai muryar da ke sa mawaƙan coci su manta baitinsu!

Da hannun hagu nake rubuto miki, domin na dama yana naɗe da bandeji, kuma kin san dalili. Wayyo ni Yafet! Wane saurayi ne a duk Kafanchan ya taɓa faɗowa daga rufin surukarsa saboda so?

Ki bari in kare kaina. Tun da ambaliyar bara ta shiga gidanku, ta tafi da rumbu da awaki, ta bar ki maƙale a reshen mangwaro, na rasa Tamar ɗin da na sani. Hadari na haɗowa sai ki yi tsit. Ruwa na taɓa kwanon rufi sai jikinki ya ɗauki rawa. Ke da kike tsallake rafi da kwando a ka kina waƙa! Abin yana cin raina, ban iya ɓoyewa ba.

Sai na ji a rediyo ana labarin kimiyya, wai masu bincike sun ce firgitar da bala'i ke bari ciwo ne mai magani, ba ƙarancin bangaskiya ba, kuma akan saba wa mutum da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan. Ban tsaya jin ƙarshen shirin ba. Na ɗauki tsani da bokiti da tsakar rana, na hau kwanonku ina yayyafa miki damina 'yar ƙarama. Ina na san Mama ce a ciki tana hutawa? Ta fito da muciya, karenku ya rufa mata baya, tsani kuwa ya ce ba ruwansa.

Amma me na ji ina kwance a kunyar dankali, bokiti a kaina? Dariyarki! Dariyar da rabona da ita tun ranar ruwan nan! Da na san haka ne, ai da na faɗo tun bara.

Sista Clara ta asibiti ta wanke ni tas tana ɗaure mini hannu. Ta ce wannan aikin masana ne, nawa shi ne in raka ki wurinsu, in zauna a benci, in kama bakina. Na yarda. Na kuma ji sanyi da kika fara zama da matan Zumunta na coci waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna, kuna amayar da abin da ke cikinku.

Abu ɗaya ne ke hana ni cin tuwo. Kin aika wa iyayena a ɗage aurenmu sai kin warke sarai, wai kada ki kawo mini matar da ke ɓuya a bayan ƙofa in an yi tsawa. Haba Tamar! Wa ya gaya miki soja nake nema? Ke nake so, da dariyar da rawar jikin duka. Ya za ki sha wannan wuya ke kaɗai, sannan ki zo mini kamar baƙuwa? Ki bar fasto ya sanar da rana. Ki haɗo tsoronki da akwatinki ki taho. In an yi tsawa, ki ɓuya abinki. Na riga na gaya wa kafinta ya yi mana ƙofa mai faɗi, wadda bayanta zai ɗauki mutum biyu.

Naki a rani, naki a damina, har ranar da Ubangiji zai kira ni,
Yafet