Laka a Gindin Haƙori

Litinin, da hantsi

Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Yaya aikin asibiti? Yaya ciwon bayan nan da kika ɓoye mini har sai da mijinki ya tona? Ni da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwoyi ne dai suka juya mini baya, matakalar benen nan ta zama mini tafiyar yini, amma ina ci, ina barci.

Uwata, mujallar jami'ar da kika aiko ta iso, tare da gilashin ƙara girman rubutu. Allah Ya yi miki albarka. Telan da ke ƙasa ne ya hawo mini da su, ya zauna bakin gado wai sai na karanta masa. Ban taɓa ganin mutum mai son ilimin kyauta irinsa ba.

A cikin mujallar akwai wani masanin tattalin arziki da ya shekara uku yana binciken dalilin da ya sa masu sana'a iri ɗaya suke jeruwa a layi guda a kasuwa. Tela ya ce da ya zo wurinsa da ya faɗa masa kafin ya gama ɗinke aljihu: don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido ne. Akwai wani malamin harsuna da ya nuna cewa idan sana'a ta mutu, kalmominta ba sa jimawa suke bin ta. Wannan ya taɓa ni. Sai wani mai falsafa da ya cika shafi goma sha biyu yana tambaya ko abin da mutum ɗaya ya tuna, ba shi da shaida, za a iya kiransa sani. A nan tela ya yi gyangyaɗi.

Na bar shafin da kika naɗe wa kusurwa sai ƙarshe. Na ga hoton muƙamuƙin nan da ya zama dutse, na dabbar da ta yi kama da kada, na ga katin da ke gefensa, lamba 214, da rubutun hannuna tun ina da hannu. Na karanta inda Daktar da ta yi binciken ta gode wa “akawun da ba a san sunansa ba, wanda tsabtar aikinsa ta sa wannan bincike ya yiwu”. Kin rubuta a gefe cewa kina alfahari da ni. Na gode, Uwata. Amma tun da na karanta, abinci bai yi mini daɗi ba. Akwai magana a kan katin nan, kuma sai na tattara ƙarfina kafin in faɗa miki.

Ki gaishe da yaran.

Mahaifinki,
Akawun Rami


Juma'a

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Kada wasiƙar da ta gabata ta tayar miki da hankali, ba ciwo ba ne. Ga maganar.

Kin san na yi aiki da Farfesan da muke kira Mai Lofe, muna haƙo ƙasusuwa a gaɓar wani tsohon kogi. Ƙasar wurin hawa-hawa take: jan yashi a sama, can ƙasa kuma baƙar laka, wadda ta girmi yashin da shekarun da hankali ba ya ɗauka. Saboda haka ƙashi ba shi da wata daraja sai an san daga wane hawa ya fito. Dokar Mai Lofe ɗaya ce: a rubuta lamba da hawa a bakin rami, da fensir, kafin a ɗaga ƙashin. Tawada sai an koma tebur. Shekara goma sha ɗaya ban karya dokar nan ba sai rana ɗaya.

Ranar an fito da muƙamuƙi biyu, ɗaya daga yashi, ɗaya daga laka. Ina cikin ramin laka har gwiwa, ban kai ga zaro fensir ba, sai direban motarmu ya iso da gudu ya ce mahaifiyarki tana kan gwiwa tun asuba, kuma abin ya zo da gardama. Na fito ban ko wanke ƙafa ba. Ungozoma ta hana ni ɗaukar ki sai da na kankare lakar nan daga hannuna.

Bayan kwana uku na koma. Leburori sun riga sun naɗe ƙasusuwan da tsumman buhu da filasta, irin yadda kuke wa mai karaya, sun ajiye su gefe da gefe. Babu mai iya cewa wanne ne wanne. Maimakon in je in faɗa wa Mai Lofe, sai na yi kirdado. Na zauna a tebur na rubuta da tawada cewa 214 daga yashi, 215 daga laka.

Da aka buɗe su a ɗakin ajiya bayan wata biyar, ni aka ba aikin share su da allura da buroshi. A tsakanin haƙoran 214 na tarar da baƙar laka. Na juya su ke nan. A makon ne Mai Lofe ya tsayar da ni gaban ma'aikata ya ce littafina ba ya ƙarya. Ga ki jaririya, ga aikin da ba ni da wani. Na yi shiru. Na share muƙamuƙin tas, amma na bar 'yar laka a gindin haƙorin ƙarshe, ta ciki. Har yau ban san ko tsoron Allah ne ya sa na bar ta ba, ko kuwa ina so ne wani ya kama ni.

Marigayiya mahaifiyarki kaɗai ta sani. Ta sha ce mini in rubuta masa, ina cewa gobe, har aka aiko mana ya rasu.

Yanzu ga abin da ya faru. Daktar nan ta gina bincikenta duka a kan katina. Ta ce tunda an sami dabbar a jan yashi, ashe ta rayu har bayan zamanin da masana suka ɗauka ta ƙare. Ba ta yi kuskure ba, ni na yi mata shi tun kafin a haife ta. Idan na yi shiru zan mutu da sunan akawun da ba ya ƙarya, ita kuma ta ci gaba da gini a kan rami. Na sake karanta mai falsafar nan ko zai ba ni mafaka, tunda ni kaɗai na tuna. Bai ba ni ba. Jiya na rubuta mata, tela ya kai gidan waya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki ɗauka ina ɗora wa haihuwarki laifi. Da za a maimaita, da haka zan sake fitowa daga ramin nan da gudu. Shirun da na yi bayan nan shi ne nawa.

Mahaifinki mai jin kunyarki,
Akawun Rami


Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kowa lafiya. Amsarki ta zo, na karanta ta sau huɗu. Kin ce a wajen aikinku wanda ya fi ba ki tsoro shi ne ma'aikacin da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Kin kuma ce ashe tun ranar farko kika fara hana mutane aiki. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Allah Ya saka miki da alheri, kin sauke mini rabin kayan.

Dakta ta zo da kanta jiya. Na zaci zan ga babbar mace mai fushi, sai ga 'yar siririya da ba ta kai ki shekaru ba, da jaka a kafaɗa, tana haki saboda matakala. Ta gaishe ni da ladabi, ta ƙi zama kan kujera sai da na rantse ni gado ya fi mini. Tela ya hawo da ruwa, ya tsaya bakin ƙofa yana gyaran labulen da ba abin da ya same shi, sai da na kore shi.

Na buɗe akwatin ƙarfen nan na ciro littafin rami. Wanda ke gidan adana kayan tarihi kwafi ne, dukansa da tawada aka rubuta, shi ya sa ba wanda ya lura. Na nuna mata shafin: 213 da fensir, 216 da fensir, biyun da ke tsakani da tawada. Na ba ta labarin yadda na ba ki, ban rage ba.

Ta daɗe tana kallon shafin. Sannan ta ce, “Baba, shekara huɗu na yi a kan wannan lambar.” Na ga ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi, alhali ba ƙura a jikinsa. Na ce ta yafe mini. Da ta mayar da tabaraun sai ta ciro alƙalami ta ce, “Wane haƙori ne?”

Uwata, a nan na san da malama nake magana. Na zana mata muƙamuƙin a bayan ambulan, na sa ɗigo a wurin. Ta ce maganata kaɗai ba za ta isa ta rushe kati ba, kamar yadda kati kaɗai bai kamata ya ishe ta ba tun farko. Za su ɗebi lakar, idan tana nan, su gwada ta a na'ura da samfurin ƙasar da muka kwaso a wancan zamani. Ta roƙi aron littafin, na ba ta. Da za ta sauka ta tambaye ni ko jaririyar ta rayu. Na ce tana nan, har da jikoki uku ta ba ni. Ta ce to, madalla.

Yanzu jira nake yi. Tsorona kada wani mai tsabta ya riga ya share lakar nan a cikin shekarun nan, in zama tsohon da ya rikice ya ɓata wa yarinya suna a banza. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki,
Akawun Rami


Asabar

Zuwa ga Uwata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki, ina tambayar lafiyar yara. Ni yau lafiyata ta fi ta bara.

Lakar tana nan. Shekara hamsin da biyu ba wanda ya taɓa ta. Sun gwada, ta dace da baƙar lakar ƙasan rami. Abin da Dakta ta faɗa a mujalla ya rushe, kuma ita da hannunta ta rubuta gyaran, za a buga a fitowa ta gaba. Na tambaye ta ko abin zai taɓa mata aiki. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce ƙarin girman da take sa rai bana sai dai wata shekara, kuma akwai waɗanda za su yi mata dariya a taro. Amma ta ce ta fi son ta ji daga bakina da ta ci gaba da koya wa ɗalibai abin da ba haka ba. Ban san da me zan biya wannan baiwar Allah ba.

Shekaranjiya ta zo da mota. Ita da tela suka sauko da ni, yana ta mita wai ƙasusuwana sun fi na gidan tarihin tsufa, a bar ni can a ba ni lamba. Ɗakin ajiyar yana nan yadda na san shi, da dogayen kantoci da warin maganin asu, sai dai an sa fitilu masu haske. A can na haɗu da malamin harsunan nan na mujalla, ashe abokin aikinta ne. Ya ga sunayen da leburorinmu suke kiran kowane irin ƙasa a gefen littafina, ya ce bai taɓa cin karo da su ba. Zai riƙa zuwa duk Alhamis da rikoda in faɗa masa. Kin ga na yi baƙon mako-mako. Tela ya ce shi ma a tambaye shi sunayen zare.

Sannan Dakta ta jawo aljihun ɗaya daga cikin kantocin, ta fito da muƙamuƙin, ta ajiye shi kan tebur a gabana. Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta. Ta ajiye sabon kati, ta miƙo mini fensir, ba alƙalami ba. Ta ce, “Baba, ga ƙashin a gabanka. Rubuta kafin a ɗaga shi.”

Rubutun ya fito kamar na ɗan aji ɗaya, amma ba wanda ya karɓe mini. Na rubuta 214, baƙar laka, hawan ƙasa. Na yi wa 215 nasa. Da na zo layin ranar da aka samo su ban duba littafi ba. Dakta ta yi mamaki, na ce mata ranar haihuwar 'yata ce.

Uwata, duk shekara idan ranar nan ta zagayo ina yi miki addu'a, amma da wani abu tokare a ƙirjina wanda ban taɓa bari ki gani ba. Saura mako uku ta sake zagayowa. Idan aiki ya bar ki, ki zo mini da yaran. Bana ranar taki ce ke kaɗai.

Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan mahaifiyarki da ta riga ni sanin daidai.

Ni ne mahaifinki mai godiya,
Akawun Rami