Kayan Maman Somto

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Na tare a unguwar Gwange, nan Maiduguri. Ɗaki biyu da falo, ɓangare guda na wani tsohon gida mai dogonyaro a tsakar gida. Madu dillali ya rantse gidan ya girmi jami'ar da nake koyarwa. Ban yi musu ba, ƙofar zauren kaɗai ta girme ta. An yi sabon fenti, amma shatin ambaliyar bara yana leƙowa ta ƙarƙashi, daidai kafaɗata.

Ɗaki na biyu da kwaɗo a jiki. Madu ya ce mukulli yana wurin mai gida, gobe in sha Allah. Takalminsa yake kallo da ya faɗa.

Litinin, 7 ga Yuli

Na je wurin mai gidan, Hajja Zainaba. Muka yi ta gaisuwar wushe-wushe har shayi ya huce, sannan na kawo maganar mukulli.

"Ɗakin naki ne, Malama," in ji ta. "Kayan da ke ciki ne ba naki ba."

Na Maman Somto ne, wata 'yar Ibo mai suna Gertrude da ke sayar da tangaran a kasuwa. A gidan nan ta yi rabin rayuwarta. Bayan ambaliya ɗanta Somto ya tafi da ita garinsu ta ɗan huta, ta bar wa Hajja amanar kayanta. Ba ta dawo ba.

Na ce to mahaifiyata fa, ina zan sa ta? Hajja ta ce Allah ya ba ta lafiya. Addu'a mai kyau, amma ba a shimfiɗa katifa a kanta.

Don Iya na kama gidan nan. Tun da ɓarin jikinta ya shanye take garinmu Khaddamari, gashin ƙashi kuma sai an shigo gari. Yaya Mikail ya so ya kai ta gidansa a Bolori, cikin hayaniyar yara da janaretan shago. Na tashi a gaban dangi na ce ina da ɗaki nata ita kaɗai. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata, in babu ɗaki ta tafi Bolori. Ban taɓa yin nasara a taron gidanmu ba sai ranar.

Juma'a, 11 ga Yuli

Ashe duk Juma'a ake buɗe ɗakin. Hajja ta shigo falona da kaskon turaren wuta, tana jan gwiwa, ko sallama sai da ta wuce ni ta yi. Na leƙa. Akwatuna a kan bulo, keken ɗinki, katifa a naɗe, kalandar coci ta bara a bango. Tsohuwa tana zagaya kayan Kirista da hayaƙi tana salati. Ta buɗe taga, ta kaɗe labule, ta rufe.

Na ce, Hajja, kaya ne fa, ba mutum ba.
Ta ce, "Shi ya sa. Mutum zai iya tashi ya sha iska da kansa."

Na yi shekaru ina koyar da ilimin zamantakewa. Da a littafi na gamu da wannan, da na ja masa layi na ce abin sha'awa.

Talata, 15 ga Yuli

Na kasa zama. Na canza wa kujeru wuri, na mayar da su. Na sa Madu ya nuna min wasu gidaje, duk da na san kuɗin haya ya riga ya tafi. A ɗaya daga ciki akuya ce ta tarbe mu a kicin.

Hadari kullum. Duk unguwar sama take kallo.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na samo lambar Somto wurin wani maƙwabcin shagonsu. Hausarsa ta fi ta Madu. Ya ce uwar tana raye, amma kanta ya fara rikicewa, kullum da safe sai ta ɗaura ɗankwali ta ce a kai ta tashar Maiduguri. "Anti Rahmat, ku raba kayan ko ku zubar. Ba za ta dawo ba."

Na ji daɗi. Babu mai karanta wannan, don haka na rubuta.

Na kai wa Hajja saƙon da ɗuminsa. Ta ce, "Shi ya ba ni ajiyar?" Sai ta ba ni labarin shekarun tashin hankali, lokacin da kowa ke gudu daga Gwange. Maman Somto ta gudu ita ma, aka ce ta tafi ke nan. Da ƙura ta lafa sai ga ta da jaka ɗaya, ta tarar da komai, har tsintsiyarta a bayan ƙofa. "Lokacin ma Somto ya ce ba za ta dawo ba."

Laraba, 23 ga Yuli

Yaya Mikail ya kira: "Malama, ya ɗakin namu?" In ya ce Malama, dariya yake min.

Asabar, 26 ga Yuli

Na ɗauko mota a-kori-kura. Shirina a kai kayan wani sito, a rufe su da leda, ba zubarwa ba, ni ba azzaluma ba ce. Na haddace jawabi a kan haƙƙin ɗan haya. Ban samu damar yin sa ba. Hajja ta kwance mukullin daga bakin mayafinta ta miƙo min, ta je gindin dogonyaro ta zauna ta ba mu baya.

Na buɗe akwatin farko don in ga ko akwai abin fashewa. Farantai ne, an wanke su tas, kowanne an raba shi da ɗan'uwansa da tsumma. Ruwan bara ya kai kafaɗata a ɗakin nan. Wani ya zauna ya fitar da laka daga kowane faranti, kuma na san gwiwar wa ta yi zaman.

Tsintsiyar tana bayan ƙofa.

Direba ya kama keken ɗinki. Daga can, ba ta juyo ba, Hajja ta ce, "A hankali, ƙafarsa ɗaya ta saki."

Na sallami direban. Hadari ya haɗo, kaya za su jiƙe a hanya. Dalilin ke nan.

Ba a yi ruwan ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na jawo katifata zuwa falo. Littattafai a ƙarƙashin tebur. Ɗakina ya zama na Iya, ya ma fi iska.

Alhamis, 31 ga Yuli

Iya ta iso. Yaya Mikail ya kalli katifar falo, ya kalli kwaɗon. "Ɗaki biyun ke nan? Ki ba ni guduma mana." Na ce ya bar kayan mutane. Ya daɗe yana kallona. Iya dai ta ga gadonta ta ce a nan za ta zauna, magana ta ƙare.

Kafin la'asar ita da Hajja sun gano suna da dangi ɗaya a Khaddamari. Yanzu biyu ne a kaina.

Juma'a, 8 ga Agusta

Gwiwar Hajja ta hana ta tashi. Ta aiko min da kasko ba tare da wani bayani ba. Na zagaya ɗakin da shi, saboda warin danshi yana shigowa falo, kuma a falon nake kwana.

Ina ciki Somto ya kira, wai uwar ta matsa sai ta yi magana da gidan Hajja. Murya ƙarama: "Wa ke nan? Kayana suna nan?"

Na ce suna nan, Mama, sai kin zo.

Na sa wa ƙafar keken ɗinkin ɗan katako. Mukullin yana jikin na ofishina tun ranar motar. Hajja ba ta tambaya ba, ni ma na manta ne.