Ƙarƙashin Indararon Arewa

Vaudrenne, 9 ga Afrilu, 1974

Yaya Sidonie,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki, kuma gwiwar nan taki ta sassauta. Yaya hayaniyar Lyon? Mu nan lafiya lau, sai tsufa da ya sa ni gaba. Ɗana Gaspard da matarsa suna gaishe ki.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da rubuta miki tun rasuwar mijina Firmin, shekara shida ke nan. Ba kewa ce ta sa ni ɗaukar alƙalami ba, gara in gaya miki gaskiya. Cocinmu za a gyara.

Wasu mutum uku suka zo daga birni da igiyar awo da takalma masu ƙyalli. Wai ginin ya shekara ɗari takwas, wai dukiyar ƙasa ce. Mu da muke share shi duk Asabar ashe ba mu sani ba. Sun fi awa guda a bakin babbar ƙofa suna kallon sassaƙen nan na Mala'ika Mika'ilu da ma'auninsa, da Shaiɗan yana danna gefe ɗaya da yatsa, da Annabi Ibrahim rungume da ƙananan rayuka a cikin mayafi. Har ɗayansu ya juyo zai yi mini bayani. Na ce, "Yaro, a ƙarƙashin ma'aunin nan aka ɗaura mini aure, kai ko haƙori ba ka da shi."

Daga nan suka zagaya bangon arewa, wajen tsohuwar ƙofar da aka toshe, wadda ake cewa ta nan Shaiɗan ke fita in ana baftisma. Suka ɗaga kai suka ga indararon dutsen nan mai siffar kare da baki a buɗe. Suka ce ruwan da yake zubarwa yana cin harsashin gini. Za a toshe bakinsa da darma, a sa bututu ya bi bango ya shige magudana, a kuma haƙa rami tsawon bangon gaba ɗaya. Gaspard aka ba aikin, don shi ne magini a nan kusa. Murna yake kamar an naɗa shi sarauta.

Kin san wanda ke kwance a ƙarƙashin karen nan, Yaya. Mu uku muka sani, Firmin ya tafi, saura ni da ke. Tsohon Fada, limamin cocinmu na wancan lokaci, ya ce jaririn da ba a yi wa baftisma ba ba shi da wuri a maƙabarta, sai bayan katanga inda ake zubar da busassun furanni. Kakarmu kuwa ta sha gaya mana cewa ruwan da ya sauka a rufin coci ya riga ya tsarkaka, in yana zuba a kan irin waɗannan yara yana wanke su kaɗan-kaɗan, har wata rana a buɗe musu ƙofar aljanna. Shi ya sa Firmin ya jira gari ya watse zuwa yankan ciyawa, ya ɗauki ɗanmu na fari a kwandon burodi, ya haƙa daidai inda ruwan ke faɗuwa. Shekara talatin da takwas, duk ranar da aka yi ruwa sai na je na tsaya a wurin. Mutanen gari suna kirana Honorine uwar kwaɗi, ban taɓa tanka musu ba.

Na ce wa Gaspard ya bar gefen nan yadda yake. Ya yi dariya ya ce, "Mama, ke da karen nan! In kina so in ciro miki shi in ɗora a kan ɗakin kaji, ki huta da tafiya." Bai san komai ba. Gaya mini abin da zan yi.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Honorine

Vaudrenne, 21 ga Yuni, 1974

Yaya Sidonie,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta gida. Ina fata zafin bana bai takura miki ba. Na zuba ido wata biyu ban ga amsa ba, na ce wataƙila ɗan wasiƙa ne ya ɓata hanya tsakanin Lyon da nan, shi da yake binta shekara ashirin.

An tono shi, Yaya.

Ranar Talata Gaspard ya shigo cin abincin rana, ƙasa har gwiwa. Ina zuba masa miyar kabeji sai ya ce, "Mama, da kin ga abin da muka ci karo da shi yau! Jarirai bakwai a jere a gindin bango, kowanne tsakanin kaskon rufi biyu. Ƙasusuwan nan kamar na tattabara." Ya ce an kirawo wani masani daga birni, ya share su da burushi, ya ce sun kai shekara ɗari shida. An shimfiɗa su a tabarma, an sa kowanne a kwali, an rubuta lamba, mota ta tafi da su gidan tarihi.

Ludayin ya suɓuce mini ya faɗa tukunya. Na zauna na gaya masa duka, tun daga farko. Ya daɗe yana kallon hannuwansa kafin ya ce, "Wana ne? Na ƙarƙashin bakin karen, wanda bai yi zurfi ba? Ni na ɗago shi, Mama." Na tambaye shi lamba nawa aka sa masa. Ya ce bai sani ba, sai da aka jera su aka rubuta lambobin, shi kuwa yana can cikin rami. Bai taɓa miyar ba, ya fita ya yi ta faskaren itace har yamma.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Mata shida kafin ni sun tsaya a jikin bangon nan cikin ruwa, watakila su ma gari ya sa musu suna. Wannan bai rage mini komai ba.

Na je wurin sabon Fada, saurayin nan mai babur da ya kwashe gumakan tsarkaka ya kai ɗakin ajiya. Ya saurare ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Iya, ki kwantar da hankalinki. Yanzu ba a tsananta wannan magana kamar dā. Rahamar Allah tana da faɗi." Na ce, "Fada, wace rana aka canza? Gaya mini ranar, in san ruwan sama nawa na sha a banza." Ya sunkuyar da kai. Amma ya ce in an dawo da yaron zai sa masa albarka a binne shi kusa da mahaifinsa.

Magajin gari shi ma bai ƙi ba. Ya ce matsalar ita ce ba a rubuta haihuwar a ko'ina ba, kuma maganar tsohuwa ɗaya da ake wa kallon mai taɓin hankali ba za ta motsa mutanen birni ba. In akwai mai shaida da ya sa hannu cewa an haifi yaro a gidanmu ranar 14 ga Yunin 1936, zai rubuta musu su sake duba ƙasusuwan, su ware sabon cikin tsofaffin, su maido mana.

Ke kika karɓi haihuwar nan. Layi uku nake roƙo da sa hannunki. Ban taɓa roƙonki komai a kan ranar nan ba, kin sani. Kabarin Firmin akwai fili a gefen hagu, na auna da tafin hannuna, ya isa har da saura.

Allah Ya ƙara miki lafiya. Ina jira.

Ƙanwarki,
Honorine

Vaudrenne, 2 ga Satumba, 1974

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kina cikin ƙoshin lafiya, tunda hannunki ya iya riƙe alƙalami. Katinki ya iso, da hoton Maryamu a gaba. Kyakkyawa ne, na gode.

Kin ce kina sa ni a addu'a. Kin ce abin ya daɗe, a bar matattu su huta, kada a ja sunan Firmin zuwa gaban jandarma. Firmin ba ya tsoron jandarma yanzu. Duk wannan da na haɗiye. Amma a layin ƙarshe kin rubuta cewa iyakar abin da kike tunawa, a mace aka haife shi, ba rai, don haka babu abin da za a shaida.

A mace, Sidonie?

Bari in tuna miki, tunda ƙwaƙwalwarki ta tsufa ta bar tawa. Maza duk suna gona. Ke kika yanke cibiya da almakashin Mama. Ya fito jikinsa shuɗi-shuɗi, ya yi ɗan kuka irin na ɗan kyanwa, kika ɗora mini shi a ƙirji. Na ce miki, "Yaya, zuba masa ruwa, ba zai daɗe ba." Ni ba na iya ɗaga ko kaina. Ke ce kika fi duk 'yan matan gari haddace darasin addini, kin san sarai cewa in rai yana fita kowa na iya yin baftisma, ko mace ko maƙeri. Sai kika ce, "A'a, kada in yi ba daidai ba Fada ya yi mini faɗa." Kika tattare siket kika fita da gudu neman Fada, wanda ke cin abinci a ƙauyen gaba. Kuka dawo bayan awa guda. Fada ya leƙo daga bakin ƙofa, ko hularsa bai cire ba, ya ce an makara.

Shekararki ashirin da huɗu a lokacin, kin tsorata, na sani. Ban taɓa faɗa wa Firmin ba, har ya mutu yana ce miki 'yar kirki wadda ta yi gudu saboda mu. Na riƙe miki wannan shekara talatin da takwas. Abin da ban zata ba shi ne ki kashe shi tun kafin ya mutu don ki sami barci.

Jiya aka toshe bakin karen. Shekaranjiya an yi ruwa, na je na tara kwalbar magani ta cika. Gaspard yana kan tsani yana kallona.

Ba zan sake roƙonki ba. A gaida yara.

Honorine

Vaudrenne, 6 ga Nuwamba, 1974

Yaya Sidonie,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, sanyi ya fara, ki kula da gwiwarki. Wannan ce ta ƙarshe, ba sai kin nemi wani katin ba.

Magajin gari ya ce ba shaida ba magana, ya rufe takardar. Ranar tunawa da matattu kowa ya kai furanni maƙabarta. An yi ruwa, na fita da lema bisa sabo, sai da na isa bangon arewa na tuna. An zuba tsakuwa a wurin, an daidaita tsaf. Karen yana sama bakinsa a bushe, ruwa na gudu cikin bututu kana jin ƙararsa ba ka ganinsa. Baƙi biyu suna ɗaukar hotonsa.

Washegari Gaspard ya sa rigarsa ta Lahadi ya ce, "Tashi, Mama, shiga mota." Muka je birni. A gidan tarihin ma ba a sa su a gaban jama'a ba, suna can ɗakin ƙasa tare da fasassun tukwane. Matar da ke riƙe da makulli ta ce ba a shiga. Gaspard ya ce, "Baiwar Allah, ni na tono su, uwata ce wannan, ba sata muka zo ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Minti biyar. Kada a buɗe komai, kada a taɓa komai."

Kwali bakwai ne a kan katako, duk girmansu ɗaya, kamar na takalmi. Na yi zaton zuciyata za ta nuna mini nawa, ai ana cewa uwa tana sani. Ƙarya ne, ban sani ba. Na tsaya ina bin lambobi da ido tun daga ɗaya har bakwai, babu wanda ya kira ni.

Sai na fito da kwalbar. Gaspard ya cire hula ya tsaya a gefena a matsayin uban baftisma. Na ɗiga ruwa a murfin na farko na ce, "Mathurin, ina yi maka baftisma da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki." Na matsa na biyu na faɗi haka, har na bakwai. Shida sun sami sunan da ba nasu ba, uwayensu su yafe mini. Sunan da na sa masa ke nan tun yana ciki, ko Firmin bai taɓa ji ba.

Na san ba a yi wa matacce baftisma, ba sai kin tuna mini darasi ba. Matar ma ta dawo ta ga ɗigon, ta ciro tsumma ta goge su ɗaya bayan ɗaya tana mita wai danshi na ɓata kwali. Ta kashe fitila ta kulle ƙofa.

Abu ɗaya nake so ki sani, shi ya sa na rubuta. Da nake faɗin kalmomin na lura da numfashina. Daga ɗiga ruwan zuwa gama magana, numfashi uku ne. Shi kuwa a ƙirjina, bayan kin fita, ya ja numfashi arba'in da ɗaya. Na ƙirga su, don ba ni da abin da zan iya yi masa sai ƙirgawa. Lokacin da na roƙe ki, tulun ruwa yana nan gefen ƙafarki ta dama, cike, ke da kanki kika ɗebo da safe.

Allah Ya ba ki tsawon rai da lafiya, Ya bar miki hankalinki garau.

Ƙanwarki,
Honorine, uwar Mathurin da Gaspard